Tulun da Kwamfuta Ta Ƙi Gani

Lokacin da nake digiri na biyu a Samaru, na ɗauki wani tulu hotuna ta kowane gefe, don kwamfuta ta haɗa su ta gina siffarsa, mai juyuwa a allo. Ban tsaya duba sakamakon ba, don na yarda da kaina. A gaban malamai biyar na buɗe shi.

Ashe tulun sumul yake, ba ta sami abin kamawa ba. Sai ta gina abin da na shanya a bayansa: gajeren wandona, har da hujinsa ta baya.

Farfesa ya gyara tabarau ya ce, "Malam, juya mana shi."

Na juya.

Har yau in na bi ta unguwar PZ, abokin karatuna mai shagon kwamfuta sai ya leƙo ya ce, "Injiniya, an dai ɗinke?"