Hannun da Ke Fitowa a Kan Motata

Ba zan taɓa mantawa da damunar da na sayi mota ba, kuma ko na so in manta, mutanen gidan hayarmu na Kwamba ba za su bar ni ba.

Sabuwa ce dal, baƙa wuluk. Bayan shekara da shekaru ina bin motar haya daga Suleja zuwa aiki Abuja, gwiwar wani a haƙarƙarina, ga ni yau da makulli a hannu. Ranar da na je ɗaukarta, dillalin ya ja ni gefe.

"Yallaɓai, baƙar mota ba ta son rana, ba ta son kashin tsuntsu. Bari mu yi mata kotin. Wani ruwa ne ake shafawa a kan fentin, in ya bushe ya zama kamar gilashi. Ko raɓa ba ta zama a jikinta."

Na tambaye shi ko dole ne. Ya ce ba dole ba ne, amma manyan mutane duk suna yi. (Da cewa ya yi talakawa ne ke yi, da na tsira.) Na ce a shafa.

Kwanakin farko lafiya lau. Sai wata safiya na dawo daga sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, na biya in gaida motata kamar yadda na saba. Raɓa ta sauka, amma duk ta gangare daga jikin motar, sai wuri ɗaya a kan bonet. A nan ta kwanta ta fitar da tafin hannu. Hannun mutum ne sak, yatsu a buɗe, sai dai yatsa ɗaya ya rabu da tafin, yana tsaye shi kaɗai kamar an datse shi daga gindi.

Na goge da hannun rigata, ya ɓace. Na ce yara ne. Washegari ya dawo, a wurin, da yatsan nan nasa guntulalle. Na kai ta wurin masu wankin mota a Gauraka, aka wanke ta tas da sabulu. Da safe yana nan. Na kai ta ta kwana a gidan wani abokina a Chaza, na je ɗaukarta da sassafe, na tarar hannun ya riga ni zuwa.

Gaskiya na tsorata. Rana na fitowa sai ya ɓace, ba wanda zan nuna wa a ofis, amma ni na san yana nan. Ina tuƙi a kan babban titi idona na kan wurin, ina jin kamar wani ya dafa bonet ɗin yana kallona ta gilashi. Na daina kunna rediyo. Na yi tofi a ruwa na yayyafa wa motar, ruwan ya gangare ko'ina, ya tsaya a kan hannun ya ƙara fito da shi. Matata, Maman Abba, da farko dariya take yi min. Ranar da ta gani da idonta, ta hana ɗanmu shiga motar.

To, mai tsoro ba ya rasa wanda zai ɗora wa. Akwai wata tsohuwa a ɗakin bakin ƙofa, Iya Mairo, mai sayar da soyayyar gyaɗa. Ba wanda ya san danginta. Kafin kowa ya tashi ta fito shara, tana ’yan maganganu ita kaɗai. Na ce wa Maman Abba, a cikin ɗaki, murya ƙasa ƙasa, "Ni fa tsohuwar nan ban yarda da ita ba."

Maganar ba ta kwana a ɗakin ba. Kafin a ce me, matan gidan sun hana yaransu zuwa ƙofarta, gyaɗarta ta yi kwantai, in ta fito famfo sai a watse. Ba wanda ya furta kalmar a gabanta, amma kowa ya san wace kalma ce. Abin ya kai kunnen Alhaji mai gidan, ya ce ba zai zauna da fitina ba. In ta tabbata ita ce, ta kwashe kayanta. Kuma duk mun san ba ta da inda za ta.

Ranar Asabar bayan asuba Alhaji ya tara mu a gaban motar. Garin shiru, hadari ya rufe gabas, hannun kuwa ya fito ɓaro-ɓaro kamar ya san don shi aka taru. Wata mata ta ja da baya tana salati.

"Iya, ki yi haƙuri," in ji Alhaji. "Ɗora hannunki mu gani."

Ba ta yi musu ba. Ta jingine tsintsiyarta, ta goge hannu da gefen zani, ta ɗora. Hannunta ɗan ƙarami ne, ko rabin wancan bai cika ba. Mai hankali da nan ya yi shiru. Ni kuwa na gyara murya.

"Ai Alhaji irin waɗannan abubuwa ba da hannun da muke gani ake yin su ba."

Iya Mairo ta ɗago ta dube ni. Ba ta yi fushi ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"To ɗan nan, tunda abin na gwaji ne, kowa ya gwada."

Aka shiga layi. Malam Sani tela ya ɗora, bai yi ba. Wani makwabcinmu direban Keke ya ɗora a karkace, yana ɗari-ɗari kamar zai taɓa garwashi. Ni da ba a tambaye ni ba, na ture shi gefe.

"Ba haka ake sawa ba, malam. Buɗe yatsu za ka yi. Ku duba nan."

Na ɗora hannuna na hagu. Ya zauna ɗas. Babban yatsa a kan babban yatsa, ɗan ƙarami a kan ɗan ƙarami, ko ɗigon raɓa bai leƙo ta gefe ba. A wannan lokacin abin da ya fara zo min shi ne, to ashe ni ne mayen?

"Baban Abba," in ji matata a hankali. "Zobenka."

Na duba. Zobena na azurfa ya faɗa daidai inda yatsan nan ya guntule.

Sai a sannan na tuna. Ranar da aka shafa kotin, dillalin ya ce kar kowa ya taɓa sai ya bushe. Yana shiga ofis ɗauko takardu, na miƙa wa wani wayata ya ɗauke ni hoto, na dafa bonet, na karkata hula. (Har sau nawa na ce a sake, wai ban fito da kyau ba.)

"Wallahi na ga hoton nan a sitatus ɗinka!" in ji direban Keke. "Har na ce maka congrats, oga!"

Malam Sani ne ya fara ƙyalƙyalewa, sauran suka bi. Alhaji ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ni hannuna na nan manne a kan motar, na rasa yadda ake ɗauke shi. Iya Mairo kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki tsintsiyarta ta shige ɗaki.

Na kira dillalin. Sai da ya gama tasa dariyar sannan ya ce inda na dafa, hannuna ya kwashe ruwan tun bai kama ba, shi ya sa raɓa ke kwanciya a wurin. Garantinsu bai shafi wannan ba, amma in na kawo ta za su sake shafawa, in sake biya.

Da hantsi na je ƙofar Iya na durƙusa. Na yi ta kame-kame, ta bar ni har na gaji.

"Na yafe, ɗan nan. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Yara sun koma sayen gyaɗarta, ba wanda ya ƙara maganar tashinta. Amma har yau, duk lokacin da za ta wuce motata, sai ta cusa hannuwanta duka biyu cikin mayafi, ta bi jikin bango. Ba ta taɓa ce min komai ba. Ni kuwa kullum na gani sai in ji kamar in nutse.

Yanzu abokan aiki in za su sayi mota sukan tambaye ni ko kotin ɗin dillali ya cancanci kuɗinsa. Nakan ce musu yana aiki, kashin tsuntsu ba ya kama fentin, rana ma ba ta ci shi ba. Amma su tambayar min ko akwai irin wanda ake shafa wa mutum a baki, a ce kar ya buɗe sai ya bushe. In akwai, ko nawa ne a shafa min.