Baƙin Balamin da Ba a Haifa Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, saura kwana tara Babbar Sallah, ranar da na tsaya a tsakiyar turakun ragunan kawuna ina roƙon Allah a zuci ya sa wani rago ya tunkuye ni in faɗi, ko na samu dalilin barin wurin. Babu ragon da ya taimaka. Duk suka tsaya suna tuƙa suna kallona.

A lokacin ban daɗe da gama difloma a fannin kwamfuta ba. Na buɗe ɗan shago kusa da tasha a nan Daura, ina buga takardu, ina yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, ina kuma sa wa 'yan kasuwa kayansu a intanet. Mutanen unguwa suka laƙaba mini suna Injiniya, ni kuwa na karɓe shi hannu bibbiyu (ko gyaran fitila ban iya ba, amma ban taɓa gyara wa kowa kiran ba). Kaina ya kumbura har ya kai in ana hira a majalisa ba na iya jimla biyu ban ambaci zamani ba.

Kawu Isiyaku yayan mahaifiyata ne. Ya fi shekara talatin yana kiwon raguna. Yakan sayo su ƙanana daga Babban Mutum ko Mai'aduwa, ya ɗaure su a wani fili bayan gidansa da ke hanyar Sandamu, ya yi ta ɗura musu dusa da harawa har su cika ido. Bai yi boko ba, wayarsa ma ƙarama ce mai maɓalli. Amma mutum zai kira shi daga Kano ko Kaduna ya sayi rago bai gani ba, a ɗora a mota a kai masa, kuma ba a taɓa dawo masa da ko ɗaya ba. In Kawu ya ce rago lafiyayye ne, to an gama magana. Abin da ya tara a duniya ke nan, kuma shi na je na karɓa na yi wasa da shi.

Ni na matsa masa. Wata guda ina binsa ina cewa, "Kawu, duniya fa ta wuce kiran waya. A buɗe maka shago a kasuwar intanet, mutumin Legas ma ya gan ka." Da ya gaji sai ya ce, "To Injiniya, buɗe. Amma abin da ke ɗaure a turke shi za ka rubuta." Na ce, "Haba Kawu, wannan ai aikina ne." Na buɗe shagon, na rubuta sunansa baro-baro a sama.

Ga wanda bai taɓa sa kaya a irin wannan kasuwa ba, ga yadda abin yake. Za ka rubuta sunan kayan, ka ɗora hoto, sannan a tambaye ka siffofinsa: launi, girma, nau'i da makamantansu. In kayan iri ɗaya ne amma ya rarrabu, kamar takalmin da ke da lamba arba'in zuwa arba'in da biyar, baƙi da ruwan ƙasa, ba sai ka buɗe wa kowanne shafi ba. Shafi ɗaya za ka yi, ka jera launukan da lambobin, ka danna wani maɓalli, manhajar ta haɗa maka kowane launi da kowace lamba, mai saye ya zaɓi nasa. Wata guda kafin nan na yi wa wani mai takalma haka, ya yi ta sa mini albarka.

Ragunan Kawu goma sha bakwai ne a shekarar. Na tsaya bakin filin sanye da sabuwar shadda, na lissafa: hoto sha bakwai, shafi sha bakwai, ga warin fitsari, ga ƙudaje. Zuciyata ta ce, ai rago ma kaya ne. Na ɗauki hoton wanda ya fi girma daga nesa, na koma shagona ƙarƙashin fanka. A wajen nau'i na rubuta Balami, Uda, ɗan ƙasa. A wajen launi na rubuta fari, baƙi, ja, rabi-da-rabi. Girma kuwa babba, matsakaici, ƙarami. Na danna maɓallin nan, cikin ƙiftawar ido sai ga layi talatin da shida sun jeru reras. Aka tambayi guda nawa ne ake da su a kowane layi, ni kuma don kada in ɓata lokaci na sa biyar-biyar. (Kai mai karatu ka yi lissafin da kanka. Ni dai na haifa wa Kawu raguna ɗari da tamanin a zaune, ban sayi dusa ko kwano ɗaya ba.)

Abin da ban tsaya na tuna ba, alhali a gidan kiwo na yi wayo, shi ne Balami fari ne. Haka Allah ya yi shi: fari, dogo, mai gantsararren hanci da kunnuwa zalo-zalo. Uda shi ne mai gaba baƙi ko ja, baya fari. Ko matar da ke kiwon tunkiya ɗaya a tsakar gida ta san wannan. Manhaja ba ta sani ba, ni kuma da na sani ban karanta layukan da ta haɗa ba. Da yamma Kawu ya tambaye ni, "Ka sa haƙoransu?" Na yi 'yar dariya na ce, "Kawu, 'yan intanet ba sa duba bakin rago."

Ranar Talatar da hantsi ina wajen turakun. Maƙwabta huɗu ko biyar suna zaune a inuwar dalbejiya, ni kuma ina tsaye ina nuna musu shagon a waya ina bayani da hannu, sai ga wata mota mai lambar Kano ta tsaya. Dattijo ne ya fito, farin gemu, tare da wani mai tabarau. Bayan an gaisa an shimfiɗa tabarma, dattijon ya ce sunansa Alhaji Garba, shi ma kiwo yake yi don sha'awa, wannan kuma amininsa ne, likitan dabbobi.

"Malam Isiyaku," in ji shi, "tun asuba muka kamo hanya. Baƙin Balamin nan muka zo gani."

Kawu ya ɗan karkata kunne. "Na'am, Alhaji? Wane?"

"Baƙin Balami. Babba. An rubuta kana da guda biyar." Ya ciro waya ya miƙa wa likitan. "Dokta, karanto masa."

Likitan ya gyara tabarau ya fara karantawa a hankali, yadda ake karanta sanarwa a masallaci. "Balami, baƙi, babba, akwai biyar. Balami, ja, ƙarami, akwai biyar. Balami, rabi-da-rabi, matsakaici, akwai biyar." Kafin ya kai layi na huɗu ɗaya daga cikin maƙwabtan ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa gumi ya karyo mini tun daga ƙeya har cikin takalmi.

Alhaji Garba bai yi dariya ba. Ya ce, "Wallahi da sunan wani na gani a sama, dariya zan yi in wuce. Shekara arba'in ina harkar tumaki, ban taɓa ganin baƙin Balami ba. Amma na ga sunanka. Na ce da Dokta, in Isiyakun Daura ya ce akwai, to akwai, mu ne ba mu gani ba."

A nan ya kamata in buɗe baki in ce ni ne. Amma shaiɗan bai gama da ni ba. Na lallaɓa na durƙusa kusa da Kawu, na kai baki kunnensa na raɗa masa, "Kawu, ka ce an sayar da su jiya. Yanzu zan goge."

Kawu ya juyo ya dube ni. Sannan ya fuskanci baƙin, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Alhaji, ɗan ƙanwata ne wannan, shi ya rubuta. Yanzu yake ce mini in ce muku an sayar. Ba a sayar ba, don ba a haife su ba. Raguna sha bakwai gare ni, ga su nan, Balami shida ne a ciki kuma duk farare ne. Laifin nawa ne. Na ba da sunana ban tsaya an karanta mini abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa ba. Ku gafarce ni, na ɓata muku yini."

Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Ina durƙushe, bakina bai gama barin kunnensa ba, ga waya a hannu, ga shadda tana shan ƙasa. Maƙwabcin nan da ke dariya ma ya daina, wanda hakan ya fi dariyar ciwo. Kunya biyu ce ta haɗe mini: ta wautar da na yi, da ta ƙaryar da na nemi dattijo ya yi mini. Ta biyun ce ta fi nauyi, don ta farko lalaci ne, ta biyu kuwa hali ne.

Aka kawo fura suka sha. Alhaji Garba ya zaga turakun, ya shafa bayan raguna biyu uku, ya yaba kiwon, amma bai taya ko ɗaya ba. Da zai shiga mota ya ce, "Allah ya kyauta, Malam Isiyaku." Kawu ya tsaya a bakin hanya har motar ta ɓace. Ban taɓa ganin kafaɗunsa sun sauka haka ba, kuma na ji tsoro ƙwarai, don labari irin wannan kafin la'asar ya isa kara, kasuwar dabbobi.

Na zaci zai ce in rufe shagon. Sai ya ce, "Je ka cire wannan rigar ka dawo."

Kwana uku muka yi. Kowane rago shafinsa daban, hotonsa huɗu: gaba, gefe, baya, da cikin baki. Ni ke riƙe ƙaho, Kawu ya buɗe leɓen ya nuna mini, "Ka ga manyan haƙoran nan biyu? Ya haura shekara. Rubuta." Siffofin da na ce ba a tambaya, su ya sa na ƙirƙiro wa gurbi ɗaya bayan ɗaya: haƙora, ƙaho, ido, kunne, wata nawa ya yi a turke. Wani Uda ya taka mini ƙafa har farce ya fashe, wani ɗan ƙasa ya yi mini fitsari a wando (ban yi ƙorafi ba, na san bashin hali nake biya da jikina). Da muka zo kan wani mai yagaggen kunne na ce a ɗauki hoton ta ɗaya gefen. Kawu ya ce, "Ta nan gefen za ka ɗauka. Ka rubuta yagewar ta yi yawa, bai yi layya ba, sai dai nama. Ibadar mutum ce, Injiniya, ba kwalliya ba."

Abin da ya ƙara kashe mini jiki shi ne rana ta uku. Ya ce in sake yi masa bayanin maɓallin nan mai haɗa layuka. Na yi, a hankali wannan karon, ba hannu a sama. Da na gama ya nuna igiyoyin da yake tufkawa yana sayar wa masu sayen rago. "To ai ga masu shi nan. Igiya doguwa da gajera, mai kauri da siririya, kowace da 'yan'uwanta iri ɗaya. Sa musu. Dusa ma buhu da rabin buhu. Rago kuwa ko tagwaye ne, kowa da halinsa." Mutumin da bai taɓa riƙe babbar waya ba ya gane a zama ɗaya inda abin ke aiki da inda ba ya yi, ni da na shekara biyu a aji ban gane ba. Na kalle shi na ji wata irin ƙaunarsa da girmansa sun cika mini ƙirji.

Ranar Juma'a bayan an sauko, wayar Kawu ta yi ƙara. Alhaji Garba ne. Ya ce ya sake duba shagon, yana son Balamin da aka rubuta yana da tsohon tabo a gwiwar hagu, a ɗora masa a motar gobe. Kawu ya ce to, ya kashe waya, ya yi hamdala a hankali sau uku.

Da yamma ya kira ni ya ce in buɗe shafin, in je saman inda sunansa yake. Na ce a raina shi ke nan, za a sallame ni. Sai ya ce, "Rubuta naka kusa da nawa."

Na ce, "Kawu, bayan abin da na yi?"

Ya ce, "Saboda shi ne ma. Rubuta cikakke, har da na mahaifinka."

Na rubuta. Tun daga ranar, ko igiya zan sa a shagon nan sai na je na ɗaga ta na auna, na karanta kowane layi sau uku kafin in danna komai. Ashe ba ilimin kwamfuta ne ya yi mini ƙaranci ba. Sunan da nake ta sauri da shi ne ba nawa ba.