Rasuwar Kofur, Wanda Aka Ce Yana Jin Ƙamshin Zinariya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan takaicin da shekaruna suka ba ni damar furtawa, ni Hajiya Lubabatu, hedimistires mai ritaya da ke zaune a Anka, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Anka da Gummi da Bukkuyum rasuwar Kofur, mutum-mutumin roba mai tafiya da rimot. Ya bar mu ranar Alhamis bayan la'asar, yana da wata huɗu da kwana tara a hannunmu. Shi ne wanda kuka ji ana cewa yana nuna inda zinariya take a ƙarƙashin ƙasa. Ni ma na ji. Na ji a gidan suna, na ji a wurin niƙa, har wata mata ta ba ni labarin a cikin mota, tana rantsuwa, ba ta san a ɗakina yake kwana ba.

Ɗana Junaidu da ke aiki a Gusau shi ya saye shi ta waya, ya kawo wa ɗiyarsa Jannatu, jikata mai shekara shida da nake riƙo. A hoton da aka nuna masa, marigayin ya kai ƙugun babban mutum. Da aka buɗe kwali sai ga shi bai fi muciya tsawo ba. Kwalin ya yi alkawarin motsi iri hamsin. Na sa tabarau na karanta takardarsa kaf, na zauna na ƙirga, na sami bakwai, har da faɗuwa. An rubuta cewa na yara ne daga shekara uku, kuma ba su yi ƙarya ba, don mafi yawan waɗanda suka riƙe rimot ɗinsa a gidanga sun haura arba'in.

Mun shaide shi da ladabi. Yakan sara wa kowa, babba da yaro da akuya, shi ya sa Jannatu ta raɗa masa Kofur. Bai taɓa kai maganar wani gidan wani ba. Abin da ya iya faɗa bai wuce "Halo, halo" ba, sai kuma "Tii-rii-rii" in zai yi rawa. Yakan sha caji awa uku a shagon mai sola ya yi aiki minti ashirin, kuma ban riƙe shi da wannan ba, don na shugabanci malaman da ba su kai shi ba. Jannatu, wadda sai an yi dambe take cin tuwo, ta koma cinye malmala guda in dai Kofur zai sara mata bayan kowace loma.

Aibinsa ɗaya ne. In aka danna masa gaba, sai ya yi taku biyar ya karkata hagu. Daga ƙofar ɗakina, wannan karkatar kan kai shi gindin lemun tsamin da marigayi maigidana ya shuka shekarar da aka haifi Junaidu. Can yake cin karo da itacen ya tsaya, idanunsa su yi ja, ya shiga "Wii-wii-wii."

Labbo, ƙanen maigidana, ya ga haka sau uku a zama ɗaya. Labbo ya shekara goma sha biyar yana haƙar zinariya a Tungar Daji, kuma abin da ya tara zuwa yanzu tari ne, na ciwon ƙirji. Ya miƙe ya ce wai shi ya san wannan kukan, na'urar masu neman ma'adini ce aka ɓoye a cikin abin wasa, kuma wai mu mata muna zaune kan arziki muna tsintar shinkafa. Kafin Juma'a ta zagayo, babura sun cika ƙofar gidana. Wani daga Adabka ya kawo ƙasar gonarsa a buhu don marigayin ya sansana. Wani ya kawo masa zakara. Zakaran dai mun ci.

Sai Labbo ya nemi in bari a haƙa gindin lemun, wai kamu uku kacal. Na hana. Ina koyarwa a Yargalma shekarar da gubar dalma ta shiga gidaje, na je gaisuwar mutuwar ƙannen ɗalibaina fiye da yadda nake son tunawa. Ba za a tono ƙasa a daka dutse a inda Jannatu ke zama ta ci abinci ba, ko da abin da ke ƙasan ya kai girman turmi.

Amma hani ba ya kashe jita-jita, don haka na gwada shi a gaban shaidu. Na cire 'yan kunnena na zinariya, waɗanda na sayo a Makka, na ajiye a damansa. Ya wuce su ko kallo bai yi ba, ya yi hagu. Labbo ya ce wai ai ɗanya yake nema, wadda maƙeri ya taɓa ba ta gabansa. Na ɗauke shi na kai gidan maƙwabciyata Rahina. Ya yi taku biyar, ya karkata, ya shige akurkin kajinta yana kuka. Na juyo in ce kun gani, sai na tarar mijin Rahina ya tafi aron diga. Duk gwajin da na yi, rami ya haifar. Shekara talatin da biyar ina koyarwa, ban taɓa ganin darasi ya juye mini haka ba.

Ciwon ajalinsa ya same shi ne ranar da na tafi biki Gummi da Jannatu. Labbo ya shigo da mutum biyu, suka haƙa gindin lemun har zuwa ƙirji, suka datse saiwa biyu, ba su sami komai ba sai tsohon murfin tukunya. Maimakon su zargi kansu, sai suka ce a kai Kofur rami na gaskiya a tabbatar. Suka ɗaura masa igiya a ƙugu kamar yadda suke yi wa junansu, suka zura shi cikin wani rami a Tungar Daji, damina tsaka, ruwa kwance a ƙasa. An ce ya sara musu yana sauka. Da suka jawo shi duk laka, sai Labbo ya sa shi a kwanon wankin zinariya ya wanke shi tas, ya kuma tace ruwan ko wani abu ya maƙale masa.

Ya yi jinyar kwana shida. An binne shi cikin ɗanyar shinkafa, an shanya shi a kan rumbu, an kai shi wurin mai gyaran waya a kasuwa, wanda ya girgiza shi ya girgiza kai. Ranar Alhamis ya buɗe ido ɗaya, ya ɗaga hannu rabi, ya ce "Haaa..." bai kai ga "lo" ba.

Ya bar Jannatu, wadda ta koma dambe da tuwo. Ya bar rimot, lafiyarsa lau amma ba wanda zai umarta, da caja, da kwali mai alkawarin da bai cika ba. Ya bar Rahina ba akurki. Ya bar Labbo, wanda yanzu ta bayan gidana yake bi zuwa masallaci.

Na tambayi Modibbo limamin unguwarmu ko akwai wani abu da ya wajaba a kanmu. Ya yi dariya har rawaninsa ya goce, ya ce babu salla, babu sadaka, a dai lallashi yarinya. Saboda haka za a sa shi a kwalinsa ranar Asabar da hantsi, a ramin da ke gindin lemun tsami, tunda an riga an haƙa. Na cire batirinsa, ba za a binne wannan a inda ruwan rijiyata yake ba. Labbo ne zai mayar da ƙasa, shi kaɗai, da hannunsa, ina zaune a kujera ina kallo. Masu zuwa gaisuwa su zo ba diga, ba buhu. Za a ajiye faranti a bakin zaure, kowa ya duba kafin ya shigo, a ciki akwai abin da na ciro da sukudireban keken ɗinkina lokacin da na kwance ƙafar mamacin.

Zaren kitson Jannatu ne, kamu biyu, ya naɗe tayar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ta hagu, shi ke sa shi karkata. Babu zinariya a ƙarƙashin gidana.