Ranar da Na Kama Girgizar Taurari a Makera

Wajen ƙarshen shekarun 1980, ina koyar da kimiyya a unguwar Makera, na karanta a mujalla cewa idan manyan taurari biyu suka yi karo, sararin samaniya kan girgiza, kuma da girgizar za a iya auna saurin faɗaɗarsa. Wai masana ba su da na'urar kama ta tukuna. Na ce ai ni ina da robar wanki.

Ranar Asabar na cika ta da ruwa, na ajiye a tsakar ɗaki, na tsuguna. Sai ga ruwa yana rawa, bi da bi! Na fita ba takalmi, na tattaro mutanen gidan hayarmu.

"Ku yi shiru," na ce, "taurari ne ke karo."

Baba Bitrus, mai gidan, har da cire hula. Jin gida ya yi tsit, sai Maman Ladi, da ke dakan sakwara a bayan bangona, ta ajiye taɓarya ta leƙo. Ruwa ya tsaya cak.

"Malam, me ake kallo?"

Kowa ya kwashe da dariya. Har yau, da an ji daka a unguwar, sai wani ya ƙwala: "Malam, taurarinka sun kusa laushi!"