Kusun da Ya Rina Mini Gemu

Har in shiga kabari ba zan manta da ranar da mai garin Kona ya aiko kirana ba. Lokacin ko Nasara ɗaya ba mu taɓa gani ba, kuma Sarkin Baka, shugabanmu maharba, bai daɗe da rasuwa ba. Ni kuwa na ƙwallafa rai a kan sarautar, har na fara tafiya a hankali kamar an riga an naɗa ni.

Wani falke ne ya dawo daga duwatsun kudu masu duhun kurmi, ya sauke kaya a bakin kasuwa, sai aka kama kusu a gindin huhun goronsa. Shuɗi ne fa, har jela.

Da na iso, mai gari ya ce mini, "Kai da ka ce ba dabbar da ba ka sani ba, mi ne ne wanga?"

Na ɗauke shi, na juya, na duba haƙora. Kunnuwa na kusun rumbu, jela ta kusun rumbu, warin ma nasa ne. To launin fa? Kaina ya ɗaure tamau. (Da na ce ban sani ba, da yanzu ina da rawani.)

"Ranka ya daɗe, wanga ba namu ba ne. Kusun dutse ne, can cikin kurmi inda rana ba ta sauka ƙasa. Inuwa ce ta maishe shi haka."

Falken ya ce shi dai tunda yake bin hanyar bai taɓa ganin irinsa ba.

"Ba kowa yake bari ya gan shi ba," in ji ni.

Zufa ta karyo mini. Na share goshi, na shafa gemu irin na manya. Sai dariya ta ɓarke. Ni ma na taya su, ban san ni ake yi wa ba.

Tanko marini, wanda marinarsa ke bayan masaukin falken, ya matso yana share hawaye. "Maharbi, tun safe nike neman abin da ya faɗa mini cikin ruwan baban rini. Dubi hannunka."

Na duba. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Wani aka naɗa. Gemun ya wanku cikin mako guda, amma har yau Mai Shuɗi ake kirana. Shi ya sa ko akuya aka kawo mini in faɗi sunanta, sai na ce a fara wanke ta.