Nomau da Gwiwar Yalwa

A ƙauyen Rafin Kanya, can bayan makarantar firamare inda gidaje suka fara ƙarewa, akwai wani gida mai ɗaki biyu da rumbu ɗaya da darbejiya a tsakar gida. Mutum biyu ne a cikinsa, Nomau da matarsa Yalwa, sai kaji bakwai da wata tsohuwar akuya. 'Ya'yansu sun girma sun kama gabansu. Nomau noma yake yi da damina, da rani kuma ya tufka igiyar rama ya kai kasuwa. Mutumin kirki ne, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Abu ɗaya ne kawai: yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ƙari ba ragi. Tun suna sabon aure Yalwa ta taɓa ce masa ya sa mata ido a kan miya za ta je rijiya, ta dawo ta tarar ya kifa fuska a bakin tukunya, tururi ya sa shi hawaye shaɓe-shaɓe. Daga ranar ta koyi auna magana kafin ta faɗa masa, suka yi shekara talatin da takwas suna zaune lafiya.

Yalwa ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, kuma a da babu bikin da za a yi a garin ba a ga ƙafarta ba. Sai gwiwoyinta suka fara ciwo. Da fari da safe ne suke sagewa, in ta ɗan zagaya su saki. Daga baya in za ta miƙe sai ka ji ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen kara. Ta bar suyar ƙuli, ta bar zuwa barka da gaisuwa, har salla ta koma yi a zaune. Hira ma ta rage.

"Malam," in ji ta wata safiya, "ni kam ƙafa ta gama aikinta."

Nomau ya dubi ƙafar, ya dube ta. "Wa ya sallame ta?"

Ta juya fuska ga bango. Abin ya tsaya masa a rai, ya sayar da igiyoyinsa duka ya nemi kuɗin mota.

Wata rana, ranar kasuwa, ya kai ta babban asibitin ƙaramar hukuma. Aka ɗauki hoton gwiwar, aka ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ne ya zaizaye, irin na girma. Mai ba da kati ya nuna musu wata ƙofa ya ce, "Ku je can, ɗakin gashin ƙashi." Nomau ya ƙura wa ƙofar ido. Ya san gashi, ya ga yadda mahauta suke yi wa ƙafar saniya. Da suka isa ƙofar ya zaunar da Yalwa a benci, ya naɗe wandonsa har cinya, ya shiga shi kaɗai. Wata likita ce a ciki, sunanta Murja, tana cike takarda.

"Baba, lafiya?"

"Likita, in dai dole sai an gasa, ga tawa. Ita ko wutar murhu ta taɓa ta sai ta kwana biyu tana jin zafi."

Likita Murja ta ajiye biro. Ta so ta yi dariya, da ta ga idonsa sai ta fasa. Ta zagaya da shi ɗakin, ya duba ko'ina bai ga gawayi ba, sai gado da kujeru da wani keke da ba ya zuwa ko'ina. Sannan ya yarda aka shigo da Yalwa. Likita ta ce wannan ciwo zama ne yake ƙara shi, maganinsa naman cinya ya yi ƙarfi ya ɗauke wa gwiwa nauyi. Ta koya mata ta zauna a kujera ta miƙe ƙafa ta riƙe, ta sauke a hankali, sannan ta tashi tsaye ta koma ta zauna, safe da yamma. Za ta ɗan ji zafi, in ji likita, amma in ya wuce misali ko gwiwar ta kumbura, ta dakata su dawo. Da za su fita ta ce, "Baba, kai ne kusa da ita. Ka riƙa ƙarfafa mata gwiwa, kada ka bari gwiwarta ta yi sanyi."

Wata rana, kwana biyu bayan haka, Yalwa ta farka daga barcin rana ta ji ƙafafunta sun ƙi lanƙwasuwa. Ta duba ta ga an jera mata tsagin gora huɗu-huɗu a kowace gwiwa, an ɗaure tam da sabuwar igiya, an kuma lulluɓe da bargo biyu, ga shi ana tsakiyar bazara. Nomau yana tsugune a gefe yana fifita garwashi a kasko.

"Malam, mene ne haka?"

"Na ƙarfafa ta. Yanzu ina hana ta sanyi."

Gumi ya jiƙa mata zane. Ta ce ya kwance, ya ce likita ce ta ce. Sai da ta yi masa bayani sau uku, cewa magana mai daɗi ake nufi, irin wadda ke sa mutum ya ji zai iya. Nomau ya kwance igiyar, ya sunkuya daidai gwiwar dama ya ce da ita, "Sannu da ƙoƙari. Za ki iya." Ya koma ta hagu ya faɗa mata haka. Yalwa ta rufe baki da gefen mayafi. Rabonta da dariya tun kafin girbi.

Wata rana ta zauna a kujera za ta yi motsa ƙafar, ta ce masa, "In na ɗaga, ka ƙirga goma." Ta ɗaga. Nomau ya waiga ya nemi abin ƙirgawa, idonsa ya faɗa kan kaji. Ya ƙirga bakwai, suka ƙare. Ya ce, "Riƙe, ina zuwa," ya fita gidan maƙwabta neman cikon uku. Kajin maƙwabta sun tafi kiwo, sai da ya bi su har bayan makaranta. Da ya dawo yana haki ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Goma." Yalwa kuwa tuni ta sauke ƙafa, har ta tsince shinkafa.

To, motsin nan da zafi, ga gajiya. Wata rana da yamma Yalwa ta yi guda uku ta tsaya, ta ce, "Ni dai na gaji. Da mutum zai iya yi wa wani, da na ce ka yi mini." Nomau bai ga abin da zai hana ba. Ya jawo kujera ya yi mata sauran bakwai, ya ƙara da na tashi da zama. Washegari ma haka. Yalwa ta san ba daidai ba ne, amma ta ƙyale shi, don hutun ya yi mata daɗi. Mako uku ana haka, suka koma asibiti.

"Ana yi kuwa?" in ji Likita Murja.

"Ana yi, ba fashi," in ji Nomau.

Likita ta taɓa cinyar Yalwa ta ji ta lakwas kamar da. Ta ce, "Inna, tashi in gani." Yalwa ta kama hannun kujera tana nishi. Kafin ta ɗago, Nomau ya tashi ya zauna sau goma cur, ko numfashinsa bai canza ba.

"Baba, wa yake yi a gida?"

"Ni. Amma nata ne, da sunanta nake yi."

Yalwa ta sunkuyar da kai. Likita ba ta yi faɗa ba. Ta jawo kujera kusa da ita ta ce, "Inna, wannan kamar cin abinci ne, wani ba ya ci miki ki ƙoshi. In kika ci gaba da zama, nan da baɗi ko ban ɗaki sai an ɗauke ki." Ta dubi Nomau, ta zaɓi kalmominta ɗaya bayan ɗaya. "Baba, ka yi naka, ta yi nata, lokaci ɗaya. In ta tsaya, ka tsaya ka jira ta." Wannan karon bai yi kuskure ba. Kujera biyu a ƙarƙashin darbejiya, safe da yamma. In ta tsaya, sai ya tsaya da ƙafa a sama yana jira, ko da kuwa tana rawa, kunya da tausayi su sa Yalwa ta ɗaga tata. Cikin wata biyu ta fara tashi ba tare da ta dafa komai ba.

Sai dai fita ce ta ƙi. Ta ce ba za a gan ta tana jan ƙafa a titi ba, ita da aka sani da sauri. Tana gama motsa ƙafa sai ta koma kan wata tabarmar kaba, wadda mahaifiyarta ta saƙa mata da hannunta, ta wuni a kai. Da suka je asibiti likita ta tambayi yadda take wuni, Nomau ya faɗa. Likita ta ce, "Yanzu saura tafiya. Baba, tabarmar nan sai ka raba ta da ita."

Wata rana da hantsi Yalwa ta fito daga wanka ba ta ga tabarma ba.

"Malam, ina tabarmata?"

"Na raba ki da ita."

"Ka kai ta ina?"

"Gidan Kande. Na ga nan ne ya fi nisa."

Kande ƙawar Yalwa ce tun suna 'yan mata, gidanta yana can ɗaya ƙarshen gari, bakin fadama. Ita ma ƙafa ta hana ta fita, sun fi shekara biyu ba su ga juna ba, sai saƙon gaisuwa. Yalwa ta ce ya je ya ɗauko. Ya ce likita ba ta ce ya mayar ba. Ta roƙe shi, ta yi fushi, ta ce tabarmar uwarta ce, ita kaɗai ta rage mata. Nomau idonsa ya ciko, amma bai motsa ba. Yalwa ta shiga ɗaki ta ɗauki mayafi, ta jawo sanda, ta fice ba ta ko dube shi ba.

Ya bi ta a baya da kujera a ka. Ta wuce makaranta, ta tsaya ta huta a gindin tsamiya. Ya ajiye kujera, ta zauna. Mata suka riƙa leƙowa daga zaure suna cewa, "Yalwa ce? Sannu da fitowa." Babu wanda ya dubi ƙafarta. Ta sake hutawa a bakin masallaci, ta kuma a wurin mai niƙa. Kafin azahar ta yi sallama a gidan Kande, ta tarar da ita zaune daram a kan tabarmar.

Tsofaffin nan biyu suka kalli juna. Kande ta matsa gefe ta buga tabarmar da tafin hannu, Yalwa ta zauna, suka riƙe hannun juna suna kuka suna dariya. Nomau ya koma zaure ya jira. Sai da la'asar ta yi sanyi Yalwa ta kira shi ta ce ya naɗe tabarmar su tafi. Ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Bar ta nan," in ji Kande. "In kina son abarki, gobe ki zo ki zauna a kai. Ki kuma koya mini wannan ɗaga ƙafar da ake cewa kina yi."

Haka aka bar ta. Da suka kamo hanyar gida Yalwa ta miƙa wa Nomau sandar, ta dafa kafaɗarsa. Suna tafe a hankali, kujera a kansa, har suka zo gindin tsamiya ba ta nemi zama ba.

"Malam," in ji ta, "Allah dai ya bar mu tare."

"Amin." Ya yi 'yan taku yana tunani, sannan ya tsaya. "Likita ba ta ce in raba ki da ni ba, ko?"

"Ba ta ce ba."

"To, madalla," in ji Nomau, ya gyara kafaɗa don ta ji daɗin dafawa.