Ƙarshen Kaset ɗin Bikin Yaya Hadiza

Ba zan taɓa mantawa da sabuwar bidiyon da Baba ya sayo ba, domin ni na jawo ta da bakina, ni da ko a aji ba a jin muryata.

Zamanin soja ne, kasuwar atamfar Baba tana ci, Baba ya riga kowa a layinmu sayen bidiyo mai cin ƙaramin kaset. Bai gama alfahari ba sai gari ya koma babban kaset. Da aka yi bikin Yaya Hadiza, babban kaset mai ɗaukar hoton ya kawo mana. Muka juya, muka tura, na'urarmu ta ƙi karɓa. Dole Baba ya kai wa wani mai gyaran rediyo ya juye shi a ƙarami.

Abin da ya dawo abin takaici ne. Jan leshin amarya ya koma ruwan ƙasa, fuskokin mata duk kore-kore. Ana cikin naɗe tabarmi kuma sai hoton ya ɗauke, wai ƙaramin kaset bai cinye duka ba.

"To mi ar rage?" in ji Baba. "Kun ga amarya, kun ga ango. Don leshi zan sake sayen wata?"

Kowa ya haƙura ban da ni. Tunda ba na iya ɗaga ido gaban Baba, Inna na addaba. Tana tsince shinkafa ina gefenta: "Inna, an fa yanke ƙarshen." Tana ninke kaya: "Inna, leshin ja ne fa." (Har girman kaset ɗin biyu na zana mata a ƙasa, sai ka ce an tambaye ni.) Da ta gaji ta kai wa Baba maganar, ta ƙara da cewa surukai a unguwar Minanata bidiyo mai babban kaset gare su. Wannan ce ta kama shi.

Ranar da za a kunna sabuwar bidiyon, falonmu ya cika da mata. Har Gwaggo Asabe, yayar Baba, ta zo daga Kwalkwalawa. Ita ce kullum take misali da ni: "Ku dubi ɗiyag ga, kunya kamar ta kashe ta." Ni kuwa ina jin daɗin wannan yabo fiye da yadda nake nunawa.

Hoto ya fito tas, leshi ya dawo ja. Ina ta taɓa Inna don ta shaida. Aka zo wurin naɗe tabarmi, kaset bai tsaya ba. Mai hoto ya bar na'urarsa a kunne a tsakar gida ya tafi salla. Sai ga wata fuska ta matso har ta cika talabijin.

Tawa ce.

Nan na tuna. Na ga 'yar jar fitila a jikin na'urar ranar, na ce ai ja tsayawa ce, kamar danjar titi. Ga ni ina duba haƙorana a gilashin, ina sakace da tsinken tsintsiya. Ga ni na karkata ɗankwali gefe ɗaya, na dafa ƙugu, na fara ɗingisawa, na buɗe murya irin ta Gwaggo sak: "Wuyan kaza aka ba ni? Ni da nir raini uban amarya?"

Mata suka juya suka dubi Gwaggo. Wata ta cusa mayafi a baki, sai dariya ta ɓarke.

Gwaggo ba ta yi ba. Ta ce a maido baya, aka maido, ta kalla har ƙarshe.

"Ashe kina da baki," ta ce. "Amma ba haka nika tahiya ba."

Ta miƙe don ta gwada mana, ta dafa ƙugu, ta ɗingisa daidai yadda na yi. Har Baba da ke bakin ƙofa sai da ya riƙe bango.

"Ga ƙarshen naki nan da anka yanke," ya ce mini.

Daga ranar Gwaggo ba ta ƙara misali da ni ba. Abin da ya fi muni, duk suna ko biki sai ta kira ni gaban mutane: "Taho ki yi ni." Dole in yi, ina zufa.

Yanzu in na ga an yanke wani abu, nakan ce mai yankewar ya san dalilinsa. Jar fitila kuwa, ko ta dutsen guga ce, sai na gyara ɗankwali nake wucewa.